Neman shawara: tafkin kan dutse yana fita kamar kududdufi a hoto

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin hawa dutsen Manenguba na Kamaru ta wajen Bangem, in ɗauki tafkunan nan biyu da ke cikin ramin tsohon aman wuta, Namiji da Mace. Damuwata, tafki a ido gwanin sha'awa, a hoto kuwa sai ya koma kududdufi: sama fari fat, duwatsu sun ƙanƙance, ruwa a shimfiɗe ba zurfi. Ina da kyamara mai ido 18-55 (gilashin gaba da ake murɗawa daga milimita 18 mai faɗi zuwa 55 mai jawo nesa), da ƙafa uku ta ɗora kyamara, da waya. Ta ina zan fara gyara?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Laifin ba na kyamara ba ne, na wurin tsayawa ne. Ruwa shi kaɗai ba ya riƙe ido, dole a samu abin da ido zai taka kafin ya shiga. Nemi baƙin dutse mai kaushi, ko tushen ciyawa da raɓa a jiki, ko reshen da rabinsa ke cikin ruwa. Matso har tsakaninku ya zama kamar mita 1, ka sauke ƙafa ukun zuwa gwiwa. Sai hoton ya samu hawa uku: dutsen da ke gabanka, ruwa a tsakiya, bangon tsauni a baya.

Ga saiti: ido a kan 18, ƙofar haske f/8, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100, ka kafa fokas a kan abin da ke nesa da kai mita 2. Da haka komai daga mita 1 har ƙarshen gani zai fito tas. Kada ka matse zuwa f/22 don neman ƙarin kaifi, dushewa hoton zai yi.

Amsa ta biyu: Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai gyara. Duƙawa ƙasa tana da farashi. Inuwar tsauni a ruwa tana ƙarfi idan ka yi ƙasa, sai dai tafkin ya matse ya zama ɗan siririn layi. Su kuwa waɗannan tafkuna kyansu yana ga siffarsu ta ƙwarya da launinsu, Namijin ya fi kore, Macen ta fi shuɗi, kuma ba za a ga wannan ba sai daga saman baki. To ka ɗauki biyu: ɗaya daga sama, ka bar bakin ramin ya lanƙwaso daga kusurwar ƙasa ya ja ido ciki, ɗaya kuma daga gefen ruwa. Macen ce ta fi sauƙin sauka. Gangaren Namijin yana da tsauri, kada ka gwada shi ba tare da ɗan jagora na yankin ba.

Maganar ƙanƙancewar duwatsu kuwa, aikin 18 ne, yana tura na nesa ya ƙara nisa. Ja baya, ka murɗa zuwa 55, tsaunin zai taso ya cika hoton.

Mai tambaya: Na gode Yaya. To saman da ke ƙonewa fa? An ce in sayi filtar CPL, gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara.

Amsa ta uku: Saya, amma ka san halinta. Kashe ƙyalli ne aikinta, inuwar tsauni a ruwa kuwa ita ma ƙyalli ce. Ka murɗa ta har ƙarshe, inuwar ta tafi, sai duwatsun ƙarƙashin ruwa su bayyana kusa da gaɓa. Wani lokaci hakan ake so. Idan duka biyun kake so, tsaya a rabi kana kallon allo. Ta fi aiki idan rana tana gefen kafaɗarka, tana cin haske kusan mataki 2 (kowane mataki rabin haske ne), kuma a kan 18 takan bar wani ɓangaren sama ya fi wani duhu.

Ba ita ce maganin farin sama ba. Auna hasken daga sama, ba daga ruwa ba, ka kunna alamar da ke ƙiftawa a inda ya ƙone. In bambancin ya yi yawa, ɗauki hoto uku kyamara ba ta motsa ba, a matakin haske -2 (mai duhu) da 0 da +2 (mai haske), ka haɗa a kwamfuta. Wurin haɗawa ka bar inuwar ruwa ta fi ainihin saman duhu kaɗan, haka take a zahiri. Da zarar ta fi shi haske, ido ya gane ƙarya. A waya, taɓa saman a allo ka ja hasken ƙasa.

Amsa ta huɗu: Lokaci ya fi duk waɗannan. Ka isa kafin ƙarfe 6 na safe, lokacin ruwa yana kwance kamar madubi. Da rana ta ɗumama gangare iska za ta taso ta yamutsa shi. Hasken yana fara taɓa ƙololuwa, ramin yana cikin duhu, kuma a ƙasashen da ke kusa da layin da ya raba duniya biyu, irin su Kamaru, wannan jan hasken ba ya daɗewa, don haka ka gama zaɓen wuri tun da yamma. Ƙarshen damina, wajen Nuwamba, ya fi: ciyawa kore shar, iska a wanke. Tsakiyar damina gajimare kan rufe ramin, a hunturu kuma hazo kan shafe na nesa.

Kunna layukan allo ka daidaita, don ruwa ba ya ɓoye karkata ko ta digiri 1. Idan inuwa ta cika, raba hoton biyu daidai, ba laifi. In babu inuwa kuma sama ba gajimare, kada ka ba saman fiye da kashi ɗaya cikin uku na hoton. Akwai Fulani makiyaya a filin ramin. Saniya guda a kan gangare tana nuna girman wurin fiye da komai, amma a yi sallama a nemi izini tukuna. Sa jinkirin daƙiƙa 2 kafin ɗauka, kuma ka riƙe ƙyalle mai laushi a aljihu, domin raɓar asuba tana kwanciya a gilashi ba ka lura ba.