Kundayen Shemekia Copeland: ta ina ya kamata a fara?

Sabon Kunne:

Assalamu alaikum, masana na wannan zaure. Ina neman a ɗora ni a hanya game da mawaƙiyar buluz ɗin nan ta Amurka, Shemekia Copeland. Kundayenta sun haura goma, kuma ba su yi kama da juna ba. Wani ka ji jita na kuka, ƙahoni na amsawa, wani kuma ka ji kamar kiɗan kantiri ne na kudancin Amurka. Tambayoyina uku ne. Wane kundi ne ya dace da mai farawa? Me ya sa sautin ke sauyawa haka daga wannan zuwa wancan? Sannan akwai wani mai suna Deluxe Edition da aka tattaro zaɓaɓɓun waƙoƙinta a ciki, shin ya wadatar?

Mai Tsohon Garmaho:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce mabuɗin sauran. Sautin yana sauyawa ne saboda furodusa yana sauyawa. Ita Shemekia murya ce sana'arta. Da yawa daga cikin waƙoƙinta, manajanta John Hahn ne ya rubuta kalmominsu, sau da yawa tare da wanda ke jagorantar ɗaukar kundin, don haka duk wanda ya zauna a kujerar furodusa, da makaɗansa da ɗanɗanonsa yake zuwa. Idan ka riƙe sunayen furodusoshin, kundaye 11 da ta ɗauka a situdiyo daga 1998 zuwa 2024 za su rabu maka gida uku.

Gida na farko shi ne huɗun da ta fara fitarwa a kamfanin Alligator na Shikago, wanda Bruce Iglauer ya kafa a 1971. Turn the Heat Up ya fito a 1998, kuma tana 'yar shekara 18 aka ɗauke shi, ba a daɗe da rasuwar mahaifinta ba, wato Johnny Copeland, makaɗin jita na Teksas da ya rasu a 1997. Wicked ya biyo baya a 2000, a cikinsa ta yi waƙa da dattijuwa Ruth Brown. Waɗannan biyun buluz ne tsantsa: jitar lantarki, ogan, ganguna, wani lokaci ƙahoni, da murya mai cika ɗaki. A 2002 Dr. John ya karɓi ragamar Talking to Strangers, sai piyano da rangajin New Orleans suka shigo. A 2005 Steve Cropper ya yi The Soul Truth, shi kuma tun da mutumin kamfanin waƙa na Stax ne na Memfis, sai ƙahoni suka matso gaba, jita ta koma gajerun sara a kan bugu na biyu da na huɗu.

Gida na biyu na Oliver Wood ne, kundi uku. Never Going Back na 2009 da 33 1/3 na 2012 a kamfanin Telarc suka fito, Outskirts of Love na 2015 kuma shi ne komawarta Alligator. A nan ne ta rage ƙaraji. Wood ya rage kayan kiɗa, ya bar fili tsakanin sauti da sauti, har kana jin numfashinta kafin ta ɗauki ɗango. Ta kuma fara ɗauko waƙoƙin da ba na buluz ba, irin Black Crow ta Joni Mitchell.

Gida na uku na Will Kimbrough ne, a Nashbil: America's Child na 2018, Uncivil War na 2020, Done Come Too Far na 2022, da Blame It on Eve na 2024. Kantirin da kunnenka ya ji daga nan yake.

Shawarata ka fara da America's Child. Muryarta ta nuna sosai a lokacin, tana iya sauka ƙasa ta yi raɗa, ta hau sama ba tare da ta fashe ba. Bayan ta haihu ta yi shi, kuma tunanin ƙasar da ɗanta zai tashi a ciki ya ratsa kundin tun daga waƙar farko, Ain't Got Time for Hate. Akwai John Prine a Great Rain, akwai banjon Rhiannon Giddens a Smoked Ham and Peaches, akwai muryar Emmylou Harris a cikin 'yan amshi. Shi ne ya ci kyautar kundin shekara a bikin kyaututtukan buluz na Memfis a 2019.

Deluxe Edition kuwa bai wadatar ba sam. A 2011 ya fito, kuma daga zamaninta na farko a Alligator aka tsamo shi. Babu aikin Telarc a ciki, balle na Kimbrough da ko tunaninsa ba a yi ba a lokacin. Wanda ya tsaya a kansa ya san budurwar mawaƙiya, bai san babbar mace ba.

Hajiya Mai Kunne:

Malam Mai Garmaho, rabon da ka yi daidai ne, amma ban yarda da mafarin ba. Wanda bai saba da buluz ba, idan ya fara da America's Child zai ji daɗi, sai dai ba zai gane abin da ta bari da abin da ta riƙe ba. Sai ka san gindin bishiya kafin reshe ya ba ka mamaki.

Ƙanena Sabon Kunne, ka fara da Turn the Heat Up, kuma kada ka haɗiye shi gaba ɗaya a zama guda. Ɗauki waƙa biyu masu tafiyar hawainiya, Ghetto Child da Salt in My Wounds, ka maimaita kowace sau uku. A karo na farko ka bi murya kaɗai. A na biyu ka bi jita, ka lura ba ta taka muryar: mawaƙiya ta faɗi ɗango, ta yi shiru, jita ta cike gurbin kamar mai ba da amsa. A na uku ka bi bes da ganga. Ghetto Child waƙar mahaifinta ce, kuma ta daɗe tana cikin waɗanda take rerawa a dandali. Ka saurari yadda take jan wasali ɗaya, ta lanƙwasa shi ƙasa kaɗan daga inda piyano zai tsaya, sannan ta sake shi da ɗan karkarwa a ƙarshe. Wannan lanƙwasar ita ce buluz ɗin. Babu maɓallinta a kan piyano, a maƙogwaro take, ko a tsirkiyar jita idan an tura ta da yatsa.

Sannan ka koyi ƙirga. Tsohon ginin buluz gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu 4, jimilla bugu 48 kafin a zagayo farko. Haɗin sauti uku kawai ake juyawa. Idan waƙar a kan sautin da ake kira E take, ana zama a E gaɓa huɗu, a hau A gaɓa biyu, a dawo E biyu, a je B ɗaya, A ɗaya, a rufe da E biyu. Kalmomin ma uku-uku suke: a faɗi ɗango, a maimaita shi, a kawo na uku da ke warware maganar. Kuskuren masu koyo shi ne fara ƙirga daga inda murya ta shigo, alhali sau da yawa mawaƙiya kan riga bugun farko da kalma biyu ko uku. Bes za ka bi, duk inda ya sauka da nauyi nan ne ɗaya. Kuskure na biyu a waƙoƙi masu sanyi yake faruwa, inda kowane bugu ke rabe uku: mutum ya kama ƙirga ƙananan bugun farantin ƙarfen da mai ganga ke kaɗawa, sai lissafinsa ya ninka sau uku ya rikice.

Amfanin wannan wahalar zai fito idan ka isa kundayen Wood da Kimbrough. A can ƙirgar 12 ba za ta riƙa cika maka ba a waƙoƙi da dama, saboda an gina su a kan baiti da amshi. Amma lanƙwasar murya da kira da amsa suna nan daram, har a waƙar da aka sa mata banjo.

Wani zaren da za ka iya bi shi ne waƙoƙin mahaifinta, domin ta saba sanya ɗaya a kundi. Devil's Hand tana Outskirts of Love, Promised Myself tana America's Child, Down on Bended Knee tana Blame It on Eve. Ka jera su bayan Ghetto Child, ka ga marubuci ɗaya, murya ɗaya, tazarar shekara 26 tsakanin ta farko da ta ƙarshe. Shi kansa Johnny ɗin ka nemi Showdown! na 1985, wanda ya yi da Albert Collins da Robert Cray a Alligator, ya ci Grammy.

Ɗan Situdiyo:

Manyana sun yi bayanin kiɗa. Ni zan taɓa kalmomi da na'ura, don nan ne mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba.

Kundayen Kimbrough ba a sauraronsu da rabin kunne. Labarai ne, kuma wanda bai san tarihin ba zai wuce su kamar iska. Uncivil War ya buɗe da Clotilda's on Fire, Jason Isbell na kaɗa jita. Clotilda sunan jirgin ruwa ne, na ƙarshe da aka sani ya kai bayi Amurka. A 1860 ya ɗauko mutum 110 daga tashar Wida ta ƙasar Dahomey ya kai su Mobile a jihar Alabama, shekaru fiye da 50 bayan an haramta shigo da bayi. Aka banka masa wuta aka nutsar da shi don ɓoye laifi, kuma sai a 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzansa a kogin. Waƙar ta fito shekara guda bayan haka. Idan ka san wannan, kukan jitar nan zai zama maka wani abu dabam.

Haka The Talk a Done Come Too Far: uwa ce baƙar fata ke yi wa ɗanta huɗubar yadda zai yi idan 'yan sanda suka tare shi, don ya dawo gida da ransa. Tee Tot Payne a Blame It on Eve kuma labarin Rufus Payne ne, makaɗin titi baƙar fata da ya koya wa mawaƙin kantiri Hank Williams jita yana yaro, Jerry Douglas ne ke goga ƙarfe a kan tsirkiya a ciki. Tun kafin Nashbil ma ta fara wannan hanyar. Ain't Gonna Be Your Tattoo a 33 1/3 kan mace take da mijinta ke duka, tabon da ya bari a jikinta shi ne tattoo ɗin, wato zanen jikin da ake nufi, kuma Buddy Guy ne ke jita. Ka buɗe rubutattun kalmomin a gabanka a sauraro na farko, saboda Turancin kudancin Amurka yana haɗiye ƙarshen kalma, ko mai jin Turanci sosai yakan rasa wasu.

Na'ura kuwa, kada ka yanke wa Never Going Back hukunci ta lasifikar waya. Tsirkiyar bes mafi kauri tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, wato 41 Hz, ƙaramar lasifikar waya kuwa ba ta da ƙarfin fitar da abin da ke ƙasa da 200 Hz yadda ya kamata. Kundayen Wood a kan bes da fili aka gina su, idan bes ya ɓace sai ka ji kamar ba a gama aikin ba. Abin sawa a kunne mai rufe kunnen duka ya isa. Ka kashe maɓallin ƙara bes, domin yana turnuƙe ƙasan muryarta. Ka kashe na gauraya waƙoƙi ma, jerin da aka yi wa kundi da manufa aka yi shi. Idan kana haɗa tsofaffin waƙoƙi da sababbi a jeri ɗaya, ka kunna daidaita ƙarar sauti, in ba haka ba wanda ya fi ƙara zai yaudari kunnenka ka ɗauka ya fi kyau.

Wajen saukewa, kundin minti 50 yana cin kusan MB 120 a ingancin 320 kbps, MB 48 a 128 kbps. A 128 faranti da ƙahoni ne ke fara lalacewa, su riƙa tsaki kamar ana soya abu, don haka The Soul Truth ya fi kowanne shan wahala a ƙaramin inganci.

Sabon Kunne:

Allah Ya saka da alheri, Malam, Hajiya, da Yaya Ɗan Situdiyo. Idan uku kacal zan iya mallaka yanzu, waɗanne ne? Kuma mene ne ma'anar sunan 33 1/3?

Mai Tsohon Garmaho:

Gudun babban faifan garmaho ke nan, zagaye 33 da sulusi a minti ɗaya. Ita kuma a 1979 aka haife ta a Harlem, ka ga a 2012 shekarunta 33.

Ɗauki ɗaya daga kowane gida. Na sallama wa Hajiya, Turn the Heat Up ya zama na farko, hujjarta ta ƙirga ta fi tawa ƙarfi. Na biyu Outskirts of Love, shi ne mafi cika a aikin Wood, kuma a ciki Billy Gibbons ya kaɗa mata jita a Jesus Just Left Chicago, waƙar ƙungiyarsa ta ZZ Top. Na uku America's Child, ko Uncivil War idan tarihin Clotilda ya kama zuciyarka. Ka ba kowanne mako guda kafin ka wuce na gaba. Talking to Strangers ka ajiye shi na huɗu, ka bi hannun hagu na Dr. John a kan piyano, ka ji yadda yake ɗan jinkirta bugu ita kuma tana jiransa.