Aikin gwaiwar Baba: a sa raga ko a ɗinke kawai?

Baban Ummi: Salamu alaikum 'yan zaure. An sa wa tsohonmu ranar aikin gwaiwa, Laraba mai zuwa, ɓangaren dama. Likita ya ce raga zai sa, kuma kuɗinta daban. Baba ya kafe, wai shi ba mai barin masa leda a ciki. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Mai Taya: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Tawa shekara 6 ke nan, wallahi sai na ga tabon nake tunawa tana nan.

Na Kwari: Baban Ummi, saurare ni, don ni sau biyu aka yanka ni. Na farko ɗinki zalla aka yi a wani asibitin kuɗi. Wata 8 ban ƙara ba, ina cicciɓar dilar atamfa na ji abu ya ɓullo a inda yake da. Na biyu aka sa raga. Gwaiwa kam ba ta dawo ba, amma na shekara 2 ina jin kamar an cusa mini ɓallin kwali a matsematsi. In na yi sujada sai na ji gefenta yana tokara ta, wando mai roba ma gagara ta ya yi. Na koma wurinsu, suka ce in yi haƙuri, jiki ne bai saba ba. Sai wani likita daban ya duba ya ce mai kauri aka sa mini, ta ƙanƙance, kuma da alama zare ya kama jijiya. Ya tambaye ni wace iri ce, na yi zuru. A fayil ɗina babu ko suna. Allurar da ya yi wa jijiyar ce ta kawo mini sauƙi. Don haka ka ce a nuna maka kwalinta a rufe kafin a shiga da shi, a kuma liƙa takardar lambarta a fayil.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Sannu Alhaji.

Ɗan Autan Zaure: Ai na ji Amurka ma ta hana sa ragar nan.

Nas Ɗinmu: Auta, ka haɗa zance biyu. Wadda hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta dakatar da sayarwa a 2019 ta mata ce, ta gyaran saukowar mahaifa da mafitsara da ake sawa ta gaba. Ta gwaiwa har gobe ana sawa. Yawancinta da folifirofilin ake saƙa ta, dangin zaren ɗinkin tiyata mai launin shuɗi. Ba toshe rami take yi kamar faci ba, nama ne ke tsirowa ta cikin idanunta su zama abu ɗaya. Shi ya sa ake son mai manyan idanu, sama da milimita 1, mara nauyi, don ba ta cika sandarewa ba. Aikin raga da aka fi yi shi ne na Lichtenstein, a shimfiɗa ta kamar santimita 7.5 da 15 ba tare da an ja nama da ƙarfi ba, kuma ana iya yi da allurar kashe wurin kawai. Abin da ya sami Alhaji sananne ne: ƙa'idojin aikin gwaiwa na duniya na 2018 sun ce kusan mutum 10 zuwa 12 cikin 100 na fama da ciwo mai daɗewa bayan aikin, da raga ko babu.

Na Kwari: To ni ina cikin goman ke nan. Allah ya isa ban ce ba dai.

Direban Zinder: Mu a nan ƙaba muke cewa. Gwaiwa ai ta ruwa ce.

Mai Taya: Kai direba, kowa ya gane me ake nufi.

Direban Zinder: A'a, a bambance. Ta ruwa ba a sa mata raga.

Nas Ɗinmu: Nan kam direba ya yi gaskiya.

Ɗan Autan Zaure: In dai raga ce ku zo in yanko muku gidan saurona, kyauta 😂

Malamin Kimiyya: Kana wasa, amma an yi. A Indiya aka fara, sannan aka gwada a Yuganda kan maza wajen 300, sakamakon ya fito a 2016. Rabi ragar kamfani ta dala 125, rabi ta gidan sauro da ba ta kai dala 1 ba, kuma ba a ga wani bambancin kirki ba wajen dawowar ciwon. Amma fa sabuwa ce mara magani, an turara ta a tukunyar asibiti. Ba wadda ake rabo a unguwa ba.

Hajiya Babba: Don Allah Malam kada ka ba wanzamai dabara.

Baban Ummi: Na gode. To in Baba ya ƙi fa sam?

Nas Ɗinmu: Akwai ɗinkin Shouldice na Kanada, babu raga, yana da kyau in an sami hannun da ya saba da shi, sai dai ba kowa ya iya ba. Ka tambayi likitan wanne ya fi yi. Ka kuma gaya masa in Baba na tari ko yunƙurin fitsari, su ke ɓalle aiki. In kafin Laraba ta ƙi komawa ciki, ga ciwo ga amai, kada ku jira gari ya waye.

Mai Taya: Ka ce masa ba leda ba ce, saƙa ce.

Baban Ummi: Na karanta masa duka. Ya ce a kira masa Alhaji Na Kwari su yi magana baki da baki.

Mai Taya: Shi ke nan, an rasa wanda za a kira sai shi.

Na Kwari: Turo lambar, bayan isha'i.

Hajiya Babba: Af, waɗanda ba su biya kuɗin zumunci na watan nan ba, ma'aji na cigiya.