Dan Allah a ba ni shawara, inci nawa zan ɗaga Hilux ɗina?

Ɗan Nguroje: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba saboda maganar nan. Motar ta mahaifinmu ce Allah ya jiƙansa, da aka zo rabon gado yayana ya ce a sayar, ni na ce a'a, na biya 'yan uwa kasonsu kaɗan-kaɗan har kusan shekara biyu, har yanzu akwai wanda yake ganin na cuce shi, to kun ga ba motar da zan yi wasa da ita ba ce, da ita nake ci da iyali, ina shiga ƙauyukan Mambila ina ɗauko masara da dankali. Daminar bara sau huɗu cikinta yana zama a kan taɓo sai an nemo matasa an turo. Wani bakanike ya ce ya ɗaga min inci 2, wani ya ce 2 ɓata kuɗi ne in yi 4 kawai. Wanne zan bi? Damina ta ƙarato.

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam. Ba ka faɗi shekarar motar ba, ba ka faɗi lambar taya ba, ba ka faɗi buhu nawa kake lodawa ba. Da me za a ba ka shawara?

Ɗan Nguroje: Afuwan Injiniya, Hilux ce ƙirar Vigo ta 2012, mai fetur, 2.7.

Injiniya Bala: To saurara da kyau ƙanena. Inci 2, kar ka wuce. Vigo gabanta ba sandar aksul guda ba ce, kowace taya da hannunta da shaf ɗinta. Duk abin da ka ƙara a tsayi, shaf ɗin yana ƙara karkacewa, robarsa ta yage, giris ya zube, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Daga inci 3 zuwa sama sai ka canza hannun sama, ka sauko da giyar gaba, ka duba tiyon burki ko ya kai, in ba haka ba alaimen ba zai taɓa zama ba, bol joyin kuma zai ta mutuwa. Abin da masu cewa 4 ba sa gaya maka: ko inci 10 ka ɗaga, kumburin nan na tsakiyar aksul ɗin baya yana nan inda yake. Taya ce kaɗai take ɗaga shi, shi ma rabin abin da tayar ta ƙaru. Kuma a ramin da manyan motoci suka tona, shi ne yake fara zama.

Mamman Agadas: Ni ban yarda ba. Tawa na ɗaga ta sosai, ina bin rairayi da ita shekara da shekaru babu abin da ya same ta. Ɗaga abarka malam.

Injiniya Bala: Taka wace iri ce?

Mamman Agadas: Land Cruiser 79.

Injiniya Bala: Ka ji ko. Taka gaba da baya duk sandar aksul ce, ba lissafinsu ɗaya ba. Kuma kai fili kake bi, shi kuwa daga Mayo Selbe zai fara hawan dutse da kwana-kwana, da lodi a baya. Mota in ta yi tsayi nauyinta ya koma sama, kifewa ba wuya.

Baban Ummi: Ni matsalata ba inci ba ce, amana ce. Na ba wani kuɗin shokazoba sababbi guda huɗu ya sa min tsofaffi da aka fesa wa fenti, wata biyu suka fara yoyon mai, na koma ya rantse da Allah hanya ce ta kashe su, kuma mutumin nan tare muke sallah a masallaci ɗaya, har sunan ɗansa na je. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Nguroje: Allah ya mayar da alheri Baban Ummi. Injiniya na gode, amma gaskiya na riga na ba da kafin alƙalami na inci 3, irin zoben nan da ake sawa a saman sifirin ɗin gaba, kuma na sayi taya 285/75R16 tun watan jiya don na same su da sauƙi.

Injiniya Bala: To me ya sa ba ka faɗa ba tun farko? Tayar nan kusan inci 33 ce. Za ta riƙa gogar jiki in ka karya sitiyari, injin 2.7 zai yi nauyi a hawa, mai zai ƙara tafiya, agogon gudu zai nuna ƙasa da abin da kake yi. Zoben kuma tsayi kawai yake bayarwa, ba ya ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Kai da kake loda masara sifirin baya mai ƙarfi kake buƙata, ko na kamfanin Old Man Emu ko na Ironman, da taya 265/75R16. Mayar da waɗancan.

Ɗan Nguroje: Mai tayar ba zai karɓa ba Injiniya, kuma waɗannan da ka ambata kuɗinsu ya fi ƙarfina yanzu. Bakaniken nan ya yi wa mutum biyu a garinmu kuma ina ganinsu suna aiki lafiya.

Hajiya Mai Dankali: Ɗana, ni ban san inji ba, amma direbana ƙarin ganye ɗaya kawai aka yi masa a sifirin baya motar ta daina zama. Ka rage lodi ma.

Ɗan Nguroje: Hajiya in na rage lodi kuɗin mai ma ba zai fita ba.

Mamman Agadas: Sa tayarka ka rage mata iska in ka shiga taɓo, shi ke nan.

Injiniya Bala: Ni dai na faɗi nawa. Inci 2.

Ɗan Nguroje: To in na bar zoben inci 3 ɗin a gaba, na ƙara ganye a baya kamar yadda Hajiya ta ce fa? Akwai wanda ya taɓa haɗa su a Vigo? Ranar Asabar bakaniken ya ce in kai motar.