Idan kai ya ɗau zafi, me ake yi banda maganin barci?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ga aiki, ga hidimar gida, ga tsadar rayuwa, mutum ya kwanta kai na ta lissafi har tsakar dare. Ana cewa shan iska da shiga mutane na taimakawa. Yaya ake yi a aikace, ga mazaunin cikin gari kamar Kano, ba gona ba lambu?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da safiya. Da gari ya waye, yi tafiyar minti 20 zuwa 30, waya a kashe cikin aljihu. Hasken safe ne ke daidaita lokacin barci a jiki, shi ya sa sai da dare ake ganin amfaninsa. In ƙirji ya cushe, tsaya a inuwa, ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, kamar sau 10. Sakin a hankali ne ke rage bugun zuciya. Mai yi da gaggawa jiri zai ɗebe shi. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro kuwa, daga la'asar a haƙura da su.

Malamin gona: Rashin fili ba hujja ba ce, Malam. Samu buhun shinkafa, ka huda gindinsa wuri 5 ko 6, ka cika da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. Zuba irin alayyafo, cikin mako guda ya tsiro, wata guda ka fara yanka. Ban ruwa safe da yamma yana ba hannu aiki, kai ya huta. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, buhun da ba huda kuma saiwa ruɓewa take. Masu zuwa bakin dam ko kududdufi su zauna a gefe kawai. Shiga ruwan da ba ya gudu na kawo tsargiya.

Dattijon unguwa: Yaro, ba kowace majalisa ce magani ba. Wadda aikinta gulma da musun siyasa, da nauyi za ka tashi. Nemi mutum 2 masu riƙe sirri, ku tsayar da rana guda a mako. In magana ta yi maka wuya, shiga aikin gayya, yasar kwata ko sharar masallaci. Ana aiki baki ke buɗewa.

Ma'aikaciyar jinya: Baba ya yi gaskiya. Sai dai in rashin barci, ƙin abinci da yanke ƙauna suka kai mako 2, a ga likita, a auna har hawan jini. In tunanin cutar da kai ya zo, ranar za a je, da rakiyar ɗan'uwa. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa: na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato. Kada a sayi tiramol ko maganin barci a kemis ba takardar likita.