Kuɗin littattafan kemistiri sun shigo, me za mu saya?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Gudummawar da muka tara wa laburaren kwalejin nan ta Kumasi ta cika. Shugaban sashen kemistiri ya ce littattafansu sun tsufa. Waɗanda suka san harkar, me za mu saya? Kada mu kashe kuɗin mutane a banza.

Hajiya Asawase: Wa alaikumus salam. Ku fara zama da mai kula da laburaren. Shi ya san littafin da yara ke layi a kansa da wanda ƙura ta rufe.

Malamin Tek: Ku karɓi jerin kwasa-kwasai daga lakcarori. Kwafi goma na littafin 'yan shekarar farko ya fi littattafai goma daban-daban da ba mai buɗewa.

Baba Laburare: 'Ya'yana, abu ɗaya zan roƙe ku, kada ku karɓi kwantena daga waje. A inda na yi aiki a da, wani bawan Allah ya aiko mana da ita daga Ingila, cike da abin da wata jami'a can ta kwashe daga kantocinta. Har walima aka so yi. Kuɗin fito a tashar jiragen ruwa ta Tema kaɗai ya cinye abin da aka ware mana na sayen littattafai a shekarar. Da aka buɗe, rabi tsofaffin kundayen Chemical Abstracts ne, wato taƙaitattun bayanan binciken kemistiri, jibga-jibga, alhali masu shi sun daina buga shi a takarda tun 2010, komai ya koma rumbunsu na SciFinder a intanet. Muka jera su a ɗakin ƙasa, damina ta zo, danshi ya shiga, gara ta ƙarasa. Zubar da su ma sai da aka kafa kwamiti, don an riga an shigar da su rajistar kayan makaranta.
Abin da mutane ba su gane ba, a kemistiri ba littattafai ke cin kuɗi ba. Mujallu ne da rumbunan bayanai, irin na ƙungiyoyin masana kemistiri, ACS ta Amurka da RSC ta Ingila, da rumbun Reaxys na kamfanin Elsevier. Haya ake yi, ba saye ba, kowace shekara, kuma da dala. Ku tuna yadda sidi, kuɗin Ghana, ta faɗi a 2022. Kasafi yana nan yadda yake, takardar biya ta kumbura. Shi ya sa tun 2004 laburaren jami'o'in Ghana suka haɗa kai a ƙungiyar CARLIGH, suna ciniki da kamfanonin a dunƙule, kowa ya biya kasonsa. Kafin ku taɓa ko pesewa, ku tambaya ko kwalejin na ciki, kuma ko ta biya na bana.

Ɗan Aboabo: Baba, kuɗinmu ko ƙofar SciFinder ba za su kai ba.

Baba Laburare: Na sani. Shi ya sa na ce ku tambaya, ban ce ku biya ba.

Yaya Nima: Ku zo laburaren Balme na Jami'ar Ghana a Legon ku ga yadda ake tsara laburare, sannan ku koma Kumasi ku kwaikwaya.

Malamin Tek: Yaya, da girmanka. Ana maganar kemistiri kana kawo mana Legon? Laburaren Prempeh II na nan Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, inda ake kimiyya ta gaske. Ku ku tsaya kan Turanci da lauyanci.

Yaya Nima: Mu ma muna da sashen kemistiri, ƙanena. Kai dai kishi ke damunka.

Hajiya Asawase: Kun fara ko? Kullum sai an yi wannan.

'Yar Ayigya: Ni da nake rubuta aikin digiri na biyu yanzu, rabin abin da nake nema kyauta nake samu. PubChem da ChemSpider don bayanin sinadarai, ChemRxiv don takardun da ba a kai ga bugawa ba, OpenStax na da littafin kemistiri na 'yan farko da ake saukewa kyauta. Akwai kuma Research4Life, shirin da ke ba ƙasashe masu tasowa damar karanta mujallun kimiyya, amma makaranta ce ke yin rajista, ba ɗalibi ba. Yara da yawa ba su san da su ba, ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu.

Ɗan Akwatia Line: Kyauta, amma data fa? Kuma idan aka ɗauke wuta?

'Yar Ayigya: To a sayi inbata mai ba da wuta daga batir da kwamfutoci biyu mana.

Ɗan Aboabo: Mutane don littattafai suka bayar. Idan na sayo batir za su ce na ci kuɗinsu.

Baba Laburare: Ku sa kwafi ɗaya na CRC Handbook, kundin alƙaluman kemistiri da fiziks, a ciki, a ajiye shi gefen da ba a ara. Da littafin ƙa'idojin tsaro na ɗakin gwaji, sabon bugu, don wannan kam yana tsufa. Littafin koyarwa kuwa, bugun baya ma ya isa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Ku ware wani abu na ɗinki da bango mai ƙarfi, yara na yage shafuka lokacin jarrabawa.

Malamin Tek: Ba yara kaɗai ba, Baba. Akwai lakcaran da ke aron littafi ya mayar da shi na gado.

Yaya Nima: Da wa kake?

Malamin Tek: Ban kira suna ba.

Hajiya Asawase: Ranar Asabar ɗin bayan la'asar ne zaman ko bayan magariba? Ina da suna a Sawaba.

Ɗan Akwatia Line: Bayan la'asar. Wa zai kawo waakye wannan karon? Na wancan zaman bai kai kaina ba.