Neman kalmar Hausa: me za mu kira "antibodi" a shirin ciwon dasashi?

Jami'ar lafiyar haƙori, Katsina: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe 20 ga Maris, Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, zan yi bayani a rediyo kan ciwon dasashi, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini. Idan dattin haƙori ya taru a gindin dasashi, ƙwayoyin cuta irin su Porphyromonas gingivalis sukan hayayyafa, sai wasu fararen ƙwayoyin jini su samar da antibodi, wanda ke gane su ya manne musu. Ana samunsa a jini, a yawu, da ruwan da ke tsatsafowa tsakanin haƙori da dasashi. Me zan kira shi?

Mai fassarar labarai: Hajiya, ki ce sojojin jiki, kowa ya saba da ita.

Jami'ar: Na gode, Malam, amma sojojin jiki su ne fararen ƙwayoyin jinin da kansu, shi kuwa wannan makamin da suke ƙerawa ne.

Tsohon malamin Hausa, Daura: 'Yata, tun farko "soja" aro ce daga Turanci, alhali muna da dakaru. Kalmar da kike nema ita ce makari. Kowane dafi da makarinsa, kuma na ji kin ce abin nan cutarsa kaɗai yake ganewa. Ki ce makarin jiki.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, mai sauraro a ƙauye zai ɗauka maganar sammu ake yi. Aro kuma ba abin kunya ba ne, tunda asibiti da likita ma aro ne.

Tsohon malamin: Wannan sakacin ne ya sa 'ya'yanmu ba sa iya haɗa jimla ba tare da Turanci ba. A garin da rijiyar Kusugu take, ba za a koya mana Hausa daga ɗakin labarai ba.

Mai fassara: Ranka ya daɗe, ba a raina Daura ba, amma Katsinawa ma ba baƙin harshen nan ba ne.

Jami'ar: Baba, ku yi haƙuri, damuwata ba ta asali ba ce. Makari yana nufin an karya cuta, a ciwon dasashi kuwa ba lallai haka ta faru ba. Makon jiya na duba wani dattijo mai sayar da goro, asuwakinsa jina-jina, haƙoransa na gaba suna girgiɗi. Irinsa sau da yawa antibodi ya yi yawa a jininsu, amma kumburin da jiki ke tayarwa a faɗan yana cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na manya suna fama da matsanancin ciwon. Idan na ce jiki na da makari, wa zai zo a kankare masa dattin?

Malamin kimiyya: To ki ce sinadarin garkuwa. Tana da tsawo, amma garkuwa kariya ce, kuma kowa ya san kibiya takan wuce ta.

Tsohon malamin: Wannan bayani ne, ba suna ba. Ki yi shirinki da ita tunda lokaci ya ƙure, amma ban janye makari ba.

Jami'ar: Na gode, Baba. Gobe zan ce sinadarin garkuwa, in kawo makari sau ɗaya wajen bayyana yadda yake gane cutarsa.