Neman kalmar Hausa: me za mu kira QSO?

Gajeren Zango:
Salamu alaikum jama'a. Kalmar da nake so mu daidaita a kanta ita ce QSO, wato abin da masu rediyon sha'awa ke kiran maganar da ta gudana tsakanin tasha biyu. Asalinta ɗaya ce daga cikin gajerun alamomin nan masu farawa da Q da aka amince da su a taron Landan na 1912 don masu buga saƙon Mos, wato na ɗigo da layi. Yanzu ta koma suna: an yi QSO, an rubuta QSO, an soke QSO. Abin da ya sa ta dame ni shi ne duk lambobin yabo a kanta suke tsaye. DXCC ta ƙungiyar ARRL ta Amurka tana neman shaidar QSO da yankuna 100 cikin 340, WAS tana neman jihohin Amurka 50, WAZ kuma shiyyoyi 40 na duniya. In kalmarmu ta yi sako-sako, sabon shiga zai ɗauka duk wanda ya jiyo a iska ya shiga lissafinsa. An kawo tuntuɓa, haɗuwa, ganawa da sadarwa. Me kuka gani?

Mai Duba Kati:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa suna a fara ganin jaririn. A ƙa'idar da shiyya ta 1 ta IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, ta rubuta, sai abu uku sun cika a cikin iska. Kowane ɓangare ya kama lambar kiran ɗan'uwansa cikakkiya. Kowa ya karɓi rahoton sigina, wato adadin da ke nuna yadda ake jin sa, kamar 59. Sannan kowa ya sami tabbacin cewa ɗayan ya kama lambar kuma ya karɓi rahoton. Na ukun nan shi ne ake yawan tsallakewa. Mutum ya ji an ce masa 59, ya mayar da nasa, sigina ta nutse kafin ya ji an amsa, sai ya rubuta abinsa ya juya. Wancan kuwa bai taɓa jin rahoton ba, ya goge shi ya kira na gaba.

Da wannan ma'aunin tuntuɓa ta faɗi. Na tuntuɓe shi bai amsa ba, magana ce daidai a Hausa, amma QSO da ba a amsa ba babu ita. Sadarwa kuma ta yi faɗi, har gidan rediyon da ke watsa labarai sadarwa yake yi, kuma ba wanda ke mayar masa da rahoto.

'Yar Mos:
Haɗuwa da ganawa duk ido suke nema, aikinmu kuwa na kunne ne. Hausa tana da siga ta musamman ta abin da mutum biyu ke yi wa juna: so ya ba da soyayya, sani ya ba da sanayya, ja ya ba da jayayya. Ji kuma ya ba da jiyayya. Ita nake kawowa. Ba a jiyayya da mutum ɗaya, don haka sharaɗin ɓangare biyu yana cikin ƙashin kalmar, ba sai an yi ta bayani ba. Kuma tana tafiya da fi'ilin da muke da shi: jiyayya ta ƙullu, jiyayya ba ta ƙullu ba, kamar yadda ake cewa ciniki ya ƙullu. Wanda ya ji tasha amma ita ba ta ji shi ba, ji kawai ya yi, sai ya tura rahoton mai saurare.

Sarkin Kundi:
Hajiya, kalmar ta yi daɗin baki, amma ina da ja biyu. Na farko, jiyayya tana da tsohuwar ma'ana ta zaman lafiya tsakanin mutane, ƙanwar jituwa ce. Wannan ƙarami ne, kalma takan ɗauki kaya biyu. Na biyun ne babba. Tun da Joe Taylor da Steve Franke suka fito da salon kwamfuta na FT8 a 2017, ɗimbin abin da ke shiga kundi ba kunne ne ya kama shi ba. Kwamfuta ce ke tsamo saƙo daga ƙarƙashin shuuu ɗin rediyo, har wajen desibel 20 ƙasa da hayaniya, inda mutum ba zai ji komai ba. Kowane juyi daƙiƙa 15 ne, faɗin siginar kimanin haz 50. Wannan ya yi kira, wancan ya amsa da lambarsa da mazauninsa, a ba shi rahoto kamar -12, ya mayar da R-09, a rufe da RR73, wato an karɓa, sai an jima. Wa ya ji wa a nan?

'Yar Mos:
Ai Malam ji a Hausa bai tsaya a kunne ba. Ana jin Larabci, ana jin sanyi, ana jin ƙanshi. In aka ce ka ji ko, ana nufin ka gane. Wanda ya ga R-09 ta fito a allonsa da lambarsa a gaba, ya gane an karɓi nasa, ya ji. Abin da kalmar ta hana shi ne a ce babu kowa a wurin, kuma nan ta yi daidai da doka. A 2019 ARRL ta ƙara a ƙa'idojin DXCC cewa kowace QSO dole mutum ne ya tayar da ita da kansa a lokacin, a duka ɓangarorin biyu. Manhajar da za a kunna a tafi barci ta kwana tana kira tana rubutawa, abin da ta tara ba ya cin lada. Barin manhaja ta jera saƙonnin da ke tsakiya bayan kai ka danna ka fara, wannan ba laifi. Injin da ba mai shi a kusa ba ya ji, saboda haka ba ya jiyayya.

Sarkin Kundi:
Na karɓi wannan. To ga inda FT8 ke da ƙura. A salon da tashoshin balaguro, wato masu zuwa yankin da ba a cika samun tasha ba, ke amfani da shi, wanda ake kira dila da karnuka, tashar da ake rububi tana rubuta ka da zarar ta aika RR73. In sigina ta nutse a wannan juyin, kai ba ka gani ba, sai ka ci gaba da tura rahotonka. Washegari ka duba kundinsu a intanet ka tarar kana ciki. A wajensu ta cika, a wajenka ƙafa ta uku ba ta iso ta iska ba, ta intanet ta iso. Masu tsanani sukan sake neman wata, masu sassauci su ce ai an ji ni. Na'ura ba za ta raba wannan gardama ba, domin in duk kun loda za ta haɗa ku. A ganina mafi tsabta a sake, in hanya tana buɗe, amma kada a yi ta maimaici a zango ɗaya ana tare wa wasu layi.

Mai Eriya:
Ina goyon bayan jiyayya saboda tana kama ɓarayi uku da sauran kalmomin ke bari su wuce.

Na farko shi ne ɗan tsakiya. A zaman da ake jera masu kira, mai jagoranci ya ce wane, kira shi. Mai kiran ya ba da rahoto, bai ji amsa ba, sai ya fara canka: 55? 44? Jagora ya ce a'a, sake. Da ya faɗo kan 33 sai jagora ya ce yawwa, ta yi. Wannan da jagora ya yi jiyayya, ba da tashar nesa ba. Ɗakin hira na intanet ma haka ne, wanda masu mita 160 da masu harba sigina ga wata ke taruwa a ciki. Halal ne ku sa lokaci da inda za ku haɗu. Amma da an fara, rubuta na ji rabin lambarka ko rahotonka kaza ya ɓata ta, sai a koma farko.

Na biyu kunnen aro. Akwai na'urorin karɓa birjik a intanet da kowa zai iya buɗewa. Mutum yana aikawa daga tasharsa, yana saurare ta wata na'ura da ke maƙwabtaka da tashar da yake nema. Dokar DXCC ta ce duk na'urorin aikawa da na karɓa su kasance cikin da'irar da faɗinta bai wuce mita 500 ba. Sarrafa tasha daga nesa an yarda da shi tun 2015, amma tashar gaba ɗayanta, baki da kunne wuri ɗaya, kuma inda na'urar aikawa take nan ne mazauninka. In tana wani yankin DXCC daban, ladan ba ya hawa kan lissafinka na gida. WAS ta fi tsanani, duk wuraren da ka yi aiki kada biyu su yi nisan da ya wuce mil 50.

Na uku na'urar maimaitawa, irin wadda 'yan oba-oba ke bi ta kan hasumiya. Ba ta shiga DXCC, sai dai tauraron ɗan'adam, wanda ke da nasa rukunin. Tashar da ke cikin jirgin ruwa ko jirgin sama ma ba a lissafa ta.

Gajeren Zango:
To jiyayya ta sami baki uku. Saura QSL, wato katin ko saƙon da ɗayan ke aikowa daga baya cewa kun yi jiyayya. An ce tabbaci, an ce rasit.

Mai Duba Kati:
Tabbaci mun riga mun kashe ta a kan sharaɗi na uku, wato R ko RR73 da ke zuwa ta iska, kada mu ɗora mata wani aikin. Rasit kuwa ku raba mu da ita, tana kawo warin kuɗi, kuma daidai wurin da ake ɓarna ke nan. Biyan kuɗin bugawa da aikawa ba laifi ba ne, sayen kati a kan abin da bai faru ba shi ne laifin. Shaida ta fi. Katin shaida in takarda ce, shaidar intanet in ta LoTW ce, rumbun kundayen da ARRL ta buɗe a 2003. Katin kirki yana ɗauke da lambobin kira biyu, kwanan wata, lokaci, zango, salo da yankin da tashar take. Wanda aka kankare ko aka gyara da biro ba ya wucewa, ko da mai bayarwar ne ya gyara, sai ya sake rubuta sabo. Gabatar da na jabu kuma yana iya jawo a kori mutum daga shirin.

Sannan a raba shaida da karɓuwa. Jiyayya tana iya ƙulluwa, kati ya zo, amma a ƙi ta, domin tashar balaguron ba ta kawo wa ARRL takardar lasisi ko hujjar cewa ta sauka a tsibirin ba. Ko kuma wanda ka yi da shi ɗan sojan gona ne da ya ari lambar tashar da ake rububi. Kai ba ka yi ƙarya ba, amma ba lada. Haka eQSL, katin intanet na wani shafi daban, shaida ce a wasu shirye-shiryen, DXCC ba ta karɓar ta.

Sarkin Kundi:
Ƙari kan LoTW, don yawancin kukan ba a gaskata ni ba kuskuren kundi ne. Kana fitar da kundinka a fayil na ADIF, ka sa masa hannu da manhajar TQSL da satifiket ɗin lambarka, wanda ke ƙarewa bayan shekara 3. Sai ɗayan ma ya loda, lamba da zango da salo su dace, lokaci kada ya saɓa da fiye da minti 30. Wanda ya rubuta agogon garinsu maimakon agogon duniya na UTC ya fita daga tagar, kuma kusa da sha biyun dare har kwanan watan yake canzawa. Wanda ya zaɓi mazaunin tasha na daban a TQSL kuwa, ya ba mutane shaidar wurin da bai aika daga can ba. Ina ba da shawarar a kira wannan dacewar gaskatawa.

'Yar Mos:
Saura gurguwar lamba, wato an ji ka amma an rubuta ka da kuskuren harafi. A Mos abin kullum ne: S ɗigo uku, H huɗu, 5 biyar, ɗigo ɗaya ya ɓace a hayaniya ka zama wani mutum. B da 6 ma haka, V da 4 haka. Gyaranta tun a iska ake yi. In aka maimaito lambarka da kuskure, kada ka ba da rahoto, sake aika lambar sau biyu har a faɗe ta daidai. In ta riga ta shiga, ka rubuta wa mai kula da kundin ka ba shi kwanan wata, minti, zango da inda aka tsaya, shi ya duba ko mai waccan lambar ya nemi abinsa. Shi ya sa kundayen balaguro da ake bincika a intanet kan ɓoye lokaci, don kada wani ya ga lamba mai kama da tasa ya ce ni ne. Wanda ya aiko da lokuta uku ya ce a duba wanda ya dace, kamun kifi yake yi.

Mai Eriya:
Gurguwa ta yi, don tana iya miƙewa in an gyara. Wadda babu ita sam a kundin ɗayan fa, abin da ake rubutawa NIL?

Mai Duba Kati:
Wannan ba ta buƙatar sabon suna, Malam. Ba ka kundi, shi ke nan. Amsar da ake bugawa a bayan katin a mayar wa mai shi ke nan.

Gajeren Zango:
To na rubuta jiyayya, da ƙulluwarta, shaida, gaskatawa, karɓuwa da gurguwar lamba. Jam'in ne ya rage, don mai neman DXCC ɗari zai ƙirga. Jiyayyoyi ta yi mini nauyi a baki.

'Yar Mos:
A bar ta tilo a sa adadi, Malam: jiyayya 100, jiyayya 12 a mita 20. Haka za a rubuta a kan shafin kundi ma.